Ɗakin aiki a bazarar Diffa: abin da za a fitar kafin a sayi fanka

Masu sauraro na cikin garin Diffa da na bakin kogin Komadugu, tun daga Gagamari da Shetimari har gangarawa Bosso, da waɗanda ke kama mu daga Maine-Soroa. Sannunmu da zafi.

Yau a kan ɗaki zan yi magana, ɗakin da mutum ke zama a cikin gidansa ya yi aikin takarda ko na kwamfuta. Wani zai ce ai wannan damuwar manyan ma'aikata ce. To, a duba unguwa da kyau. Malamin makaranta na nan da tulin takardun ɗalibai yana gyarawa, jarrabawar BEPC da ta bak sun matso. Ɗalibar Jami'ar Diffa, jami'ar da aka kafa a 2014, na nan tana fama da kundin kammala karatu. Dillalin tattasai yana da littafin bashi, wani shafi da naira, wani da sefa. Ma'aikacin furoje an ce ya tura rahoto Yamai kafin gari ya waye. Ga kuma uwar gida mai haɗa turaren wuta da humra, masu saye na aiko mata saƙo ta WhatsApp, lissafinta na cikin wani ɗan littafi. Duk waɗannan suna da ofis a gida, ko da ofishin bai wuce kusurwar ɗaki da tabarma ba. Kuma a Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 kusan kullum, kukansu ɗaya ne: kai ya ƙi ɗaukar lissafi, gumi na ɗiga a kan takarda, kwamfuta na huci.

Ka tambayi mutum mafita, zai ce maka fanka, ko na'urar sanyaya ɗaki in Allah ya hore. Ni roƙona shi ne, kafin a je kasuwa a sayo wani abu a ƙara wa ɗakin, a fara fitar da abin da ke ciki. Na yi imani babban kaso na wahalar ɗakunan aikinmu kayan da muka jibge ne ke jawo shi, kuma fitar da su ba ya cin ko dala.

Ku lura da yadda muke shirya ofis idan muka samu ɗan hali. Ƙaton teburi mai aljihuna gefe da gefe. Baƙar kujera mai juyawa, ta soso da roba. Kafet daga bango zuwa bango. Labule mai kauri. Kabad cike da fayil-fayil. Wannan tsari a ofishin darekta da na banki muka gan shi, kuma a can yana tafiya daidai, domin akwai na'urar sanyi a bango da janareto a bayan gini. Mu kuwa kayan muka kwaso muka kawo gida, na'urar ba ta biyo mu ba. Kujerar soso ba ta barin gumi ya bushe a baya da cinya. Kafet na shan ƙurar da iska ke kwasowa daga rairayin Manga, fanka ta tayar da ita, kai kana shaƙa, kwamfuta ma tana shaƙa. Kabad ɗin da aka jingina da taga kuwa ya toshe hanya ɗaya tilo da iska ke shigowa. Kujerar nan ta ƙarfe da ake saƙa wa zaren roba, wadda maƙeran unguwa ke yi, ta fi dacewa da bazararmu, domin iska na ratsa ta ta ko'ina.

Ƙasar nan tana da nata tsarin wurin aiki tun kafin a san teburi. Barno ta yi suna wajen rubuta Alƙur'ani da hannu, kuma har yau akwai masu yi a tsangayu. Je ka ga mai wannan aiki, aikin da kuskuren ɗigo ɗaya ke ɓata shafi. Buzu ko tabarma, kurtun tawada, ƴan alƙaluma, takardar da yake kan rubutawa, sai gafakar da yake adana waɗanda ya gama. A zaure yake zama, ko ƙarƙashin rumfa inda iska ke wucewa. Ya fara bayan asuba, ya ɗaga hannu idan rana ta take, ya koma bayan la'asar. Watanni yake yi a kan aikin da ke neman nutsuwa fiye da duk rahoton da za mu rubuta, kuma a cikin wannan zafin dai namu. A Japan da Turai yanzu littattafai ake wallafawa ana koya wa mutane rage kayan ɗaki. Na Marie Kondo da ya fito a 2011 an sayar da miliyoyinsa. Su yawan kaya ne ya ishe su. Namu dalilin ya fi nasu nauyi, don ya shafi lafiyar jiki da tsirar takardu.

Mu yi ɗan lissafi. Duk na'urar da ke cin wuta, wutar nan a ƙarshe zafi take komawa, ta zauna a cikin ɗakin. Jikin babban mutum da ke zaune yana fitar da zafi kimanin wat 100. Tsohon ƙwan lantarki mai zare, kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake ci zafi yake mayar da ita. Ƙwan LED na wat 9 ko 10 yana ba da hasken da na wat 60 ke bayarwa. Kwamfutar tebur da allonta tana iya cin wat 100 zuwa sama, ta tafi-da-gidanka galibi ba ta kai rabin haka ba. Firinta mai amfani da garin tawada sai ta gasa takarda kafin rubutu ya kama, shi ya sa takardar ke fitowa da ɗumi. Ƙara da talabijin da aka bari tana yi ba mai kallo, da firij ɗin da aka turo kusurwa don babu wuri a wani ɗaki. Firij cikinsa yake sanyayawa, zafin da ya kwaso kuwa ta bayansa yake zubarwa, a ɗakin da kake zaune. Idan ka haɗa su, sai ka tarar kai kaɗai ne a ɗaki, amma zafin mutum uku ko huɗu ake fitarwa. Saboda haka kowace na'ura a tambaye ta: yau zan yi aiki da ke? In amsar a'a ce, a zare ta daga soket, in da hali a fitar da ita gaba ɗaya.

Sai dai babban mai kawo zafin yana bisa kanka. Diffa tana wajen digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka a ƙarshen Afrilu rana na bi daidai tsakar ka, ta sake yin haka a tsakiyar Agusta. Ke nan a bazara rufi ne ke shan rana, sai bangon gabas da safe, sai bangon yamma daga azahar har faɗuwarta. Na kudu da na arewa ba su cika wahala ba. Kwanon rufi a irin wannan rana yana iya haura digiri 60, kuma idan babu silin zafin kai tsaye yake sauko maka, ɗakin ya koma tanderu. Wanda ke da zaɓi a gidansa ya guji ɗakin da bayansa ke fuskantar yamma. Wanda ba shi da zaɓi ya janye teburinsa daga jikin wannan bango, domin bulon siminti da ya sha ranar la'asar yana ci gaba da huro zafi har bayan isha'i.

Kuma daga waje ake tare rana. Labulen da ke ciki sai zafi ya riga ya shigo ta gilashi ko ƙarfen taga sannan yake tare shi. Zana ɗaya da aka kafa a waje, taki guda daga bangon yamma, ko ƴar rumfar kaba a kan taga, ta fi labule mai tsada aiki nesa ba kusa ba. Goruba muna da ita a kwarin nan, masu saƙa kabarta muna da su. Dogon yaron da aka dasa a yammacin ɗaki bana, nan da ƴan shekaru zai karɓi aikin zanar. Shi kansa kwanon, farin fenti na rage masa zafi. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 da ya halaka mutane fiye da dubu, ya fito da tsarin tunkarar zafi a 2013, kuma cikin matakan da suka biyo baya har da shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti, wanda ke sauke zafin cikin ɗaki da ƴan digiri. Wanda ya taɓa zama da biro a hannu ƙarƙashin kwano da ƙarfe uku na rana ya san ƴan digirin nan ba abin rainawa ba ne.

Taga ma tana da lokacinta. Idan ɗakinka na ƙasa ne mai kaurin bango, ko kuma yana da silin, buɗe ƙofa da taga tun dare har hantsi, bango ya sha sanyin asuba, sannan ka rufe idan rana ta ɗaga, domin iskar waje a lokacin ta fi ta ciki zafi. A sa ragar sauro a tagar, don kada a gudu daga zafi a faɗa wa zazzaɓi. Idan kuwa kwano ne tsurarsa babu silin, rufewa ba ta da amfani, dole iska ta ratsa, kuma daga azahar zuwa la'asar gara ma a bar masa ɗakin a koma rumfa. Fankar sama a irin wannan ɗaki zafin kwanon take turo maka ƙasa. Ta tsaye da aka ajiye kusa da ƙofa ta fi.

Tun da na ambaci fanka, a san iyakarta. Fanka ba ta sanyaya iska, motsa ta take yi, sanyin da kake ji gumi ne ke bushewa a fata. Idan zafin ɗaki ya haura na jikin mutum, wato wajen digiri 37, kuma iskar busasshiya ce irin tamu ta Afrilu, gumin da kansa yake bushewa, fankar sai ta koma tana watso maka zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗi a kan dogaro da fanka idan zafi ya kai 40. Dabarar ita ce a haɗa ta da ruwa. A jiƙa ɗan tawul a ɗora a wuya, a shafa ruwa a fuska da hannuwa, a rataya jiƙaƙƙen zane ta gefen da iska ke shigowa, nesa da soket da takardu. Mai daɓen ƙasa ya yayyafa masa ruwa da hantsi.

Abu guda da zan ce a shigo da shi ɗakin, bayan na ce a fitar da sauran, shi ne tulu ko ƙaramar randa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa, ya tafi da zafin na ciki, kuma iyakar bushewar iska iyakar sanyin ruwan. Da wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba, wani malami daga arewacin Najeriya, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Idan ruwan sanyi na kusa da hannu za a sha. Idan sai an tashi an fita tsakar gida cikin rana, sai a yi ta ɗagawa har kai ya fara sarawa. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ko mutum ya fara ruɗewa a magana, waɗannan ba gajiyar aiki ba ce. A fitar da shi inuwa, a jiƙa shi, a kai shi likita. A farkon Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya ga digiri 48.5, kuma asibitocin Bamako sun cika da waɗanda zafi ya kayar, akasarinsu tsofaffi. Yanayin nan namu ne mu duka ƴan Sahel.

Shi ya sa nake ganin tsara lokaci yana cikin tsara ɗaki. Aikin da ke neman kai, lissafi ne ko rubutu, a ba shi daga asuba zuwa wajen ƙarfe goma, sannan bayan magariba. Tsakiyar rana a bar wa ƙananan abubuwa, kiran waya da jera takardu. Wannan ba lalaci ba ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a rahotonta na 2019 kan zafi da aiki, ta ce a digiri 33 zuwa 34 mai aikin matsakaicin ƙarfi yana rasa rabin ƙwazonsa, ta kuma sa yammacin Afirka cikin yankunan da za su fi asarar sa'o'in aiki nan da 2030. A shekarun da azumi ya faɗo cikin bazara mun ga yadda mutane da kansu suka mayar da aikinsu bayan sahur, kuma aikin bai lalace ba.

Na'urorin su ma zafi na cin su. Kamfanoni irin su Apple suna rubutawa a takardun kayansu cewa wayoyi da kwamfutocinsu an yi su ne don aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa ko inuwarmu ta wuce nan. Kwamfutar da aka ɗora a kan katifa ko matashi an toshe mata hanci. A ɗaga ta a kan ƴan katako biyu iska ta bi ta ƙarƙashi, a riƙa share mata ƙura da busasshen buroshi, a rufe ta da ƙyalle idan an kashe. Waya kada a yi mata caji a ƙarƙashin matashi ko a bakin tagar da rana ke duka, kuma batirin da ya fara kumbura a daina aiki da shi nan take. Batirin sola mai ruwan asid, rayuwarsa na raguwa da kusan rabi duk lokacin da zafin wurin ya ƙaru da digiri 10 a kan 25, ga shi yana fitar da iska mai kama wuta yayin caji. Wurinsa inuwa ce mai iska, ba ƙarƙashin teburin da kake zaune ba. Janareto a waje, nesa da taga, don a cikin hayaƙinsa akwai guba marar wari da ke kashe mutum yana barci. Jarkar fetur ba ta da abin yi a ɗakin da mutum ke wuni. Farantin sola kuma a wanke masa ƙura da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi.

Rage na'urori yana da wata riba da muka gani da idonmu. A Agustan 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar, ba a maido ta ba sai a Maris na 2024. Ofishin da ke tafiya da kwamfuta ɗaya, waya ɗaya, ƙwai ɗaya da fanka mai caji, ƙaramin sola ya ishe shi. Wanda ya tara na'urori kuwa, ranar da wutar NIGELEC ta ɗauke aikinsa ya tsaya cik.

Na zo kan takarda, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin mu mutanen Diffa mun koyi darajar takarda ta hanya mai ɗaci. A ƙarshen Nuwamban 2014, da aka kai hari Damasak, dubban mutane suka tsallako Komadugu suka sauka a Gagamari da Shetimari. A Fabrairun 2015 hare-haren suka iso Bosso da Diffa kanta. Daga nan shekaru suka biyo baya na zaman jama'a a bakin babbar hanyar RN1, cikin bukkokin zana da tamfol. Duk wanda ya zauna da waɗannan bayin Allah ya san abin da ke ci musu rai bayan rayukan da aka rasa da dukiyar da aka bari: takardar haihuwar yaron da za a sa makaranta, katin ɗan ƙasa, takardar gona, shaidar kammala karatu. Malami ya tsallako ba shi da abin da zai nuna cewa shi malami ne. Wasu ba su samu sukunin ɗaukar komai ba, wannan babu yadda za a yi da shi. Amma mai ƴan mintuna a hannu, idan takardunsa na warwatse, ɗaya a kwali, ɗaya a ƙarƙashin katifa, ɗaya cikin tsofaffin littattafai, ƴan mintunan ba za su ishe shi ba. Allah ya kiyaye maimaituwar irin wannan rana.

Kogin ma yana da nasa. Ruwan Komadugu daga nesa yake tasowa, daga kogin Haɗeja da na Jama'are, shi ya sa cikarsa ke iso mu a makare, wajen Oktoba da Nuwamba, bayan damina ta ɗauke. A 2019, da 2022, da 2024 ya yi ambaliya ya shiga gidaje da gonakin tattasai. Takardar da ke cikin kwali a ƙasa ita ce farkon tafiya. Ko ba ruwa, kwali abincin gara ne, kuma ƙarƙashin tulin kaya maɓuyar kunama ce a bazara.

To, ga abin da nake ba da shawara, kuma bazara ce lokacin yin sa, tun ƙasa na bushe. Takardun da ba a sake samun irinsu cikin sauƙi, na kowa da kowa a gidan, a haɗa su wuri guda, a nannaɗe da leda mai kauri, a sa cikin jaka ɗaya da hannu ɗaya zai iya ɗauka, a rataye ta a sama inda duk wani babba a gidan ya sani. Idan akwai fotokofi a ciki, a sa farar takarda tsakaninsa da ledar, don zafi na sa tawadarsa ta manne da roba. Kowace takarda a ɗauke ta hoto da waya, gaba da baya, a tura wa kai ta imel, ko a aika wa amintaccen ɗan'uwa a Damagaram ko wani gari mai nisa da kogi. Rasiɗin nan mai santsi da na'urorin aika kuɗi da na kantuna ke fitarwa, da zafi ake buga rubutunsa kuma zafi ne ke goge shi. Ƴan kasuwa, ku ɗauke shi hoto ranar da kuka karɓa, kada ranar da gardama ta tashi ku buɗe littafi ku tarar da farar takarda. Na aikin da ake kan yi, abin da fayil ɗaya zai ɗauka shi ne zai zauna a kan teburi. Waɗanda doka ko sana'a ta ce a adana, su shiga adaka ta ƙarfe, a ɗora ta a kan bulo.

Sauran kuwa a rabu da su, amma da lura. Mai sunan Allah ko ayar Alƙur'ani mun san yadda malamai suka koya mana, a ƙone ta a wuri mai tsabta ko a binne. Wadda ke ɗauke da sunayen mutane, ita nake so ma'aikatan furoje da malaman makaranta da na likita su saurare ni a kanta. Jerin sunayen waɗanda aka raba wa tallafi, da ƙauyukansu da lambobin wayarsu, a yankin da tsaro bai gama daidaita ba, bai kamata ya ƙare a hannun mai ƙosai ana naɗe wa yara karin kumallo da shi ba. A mayar wa ofis, ko a ƙone. Amana ce.

Dillalan tattasai da manoman bakin kogi, ku ma da kalma ɗaya. Buhun tattasai, da takin zamani, da maganin feshi, kada su kwana a ɗakin da kuke lissafi. Tattasai idan fanka ta buga shi atishawa da yajin ido ne, maganin feshi kuwa a cikin zafi tururinsa ke tashi, kuna shaƙa ba ku sani ba.

Na san abin da wani ke faɗa a ransa yanzu. Yana cewa, malam, kana maganar fitar da kaya, ina za a kai su? Gaskiya ne. Tun 2014 gidaje da yawa a garin nan sun buɗe ƙofa sun karɓi ƴan'uwa da baƙi, ɗakin da a dā na mutum ɗaya ne yanzu na iyali ne, kuma rabin kayan da ke kusurwa ajiyar wani ce da ya tafi neman abinci zai dawo. Wannan abin alfahari ne gare mu, kuma ba zan ce wa kowa ya jefar da ajiya ba. Abin da zan ce shi ne a jera kayan a bango ɗaya, a kan bulo ko katako, a rufe da zane, a bar tsakanin ƙofa da taga wayam don iska ta samu hanya. Wanda ba shi da ɗaki sam, ofishinsa ya zama jaka ɗaya da tabarma da ɗan gajeren teburi. Da safe yana yammacin gida, da yamma yana gabashinsa, yana bin inuwa. Idan ya gama ya naɗe, yara su samu wurin kwana.

Iyayena mata su suka fi shan wannan wahala. Ɗakin mace shi ne wurin kwana, shi ne ma'ajiya, a nan jerenta yake, a nan yara ke shiga su fita, a nan kuma take son ta yi lissafin sana'arta ko ta yi karatun jarrabawa. Maigida, idan a gidan akwai zaure ko rumfa mai iska da kai kaɗai ke morewa, ka ware mata sa'o'inta a wurin, ko ka kafa mata tata rumfar ta cikin gida, ka buga mata kanta ɗaya a sama inda hannun yaro ba ya kai. Kuɗin zana huɗu da ƴan ƙusoshi ne, kuma abin da take samu a cikin gidan yake ƙarewa.

Ƙungiyoyi da ofisoshin da ke sa ma'aikatansu aiki daga gida, su tuna wanda ke jiran rahoton yana zaune cikin sanyi, mai rubuta shi yana ƙarƙashin kwano. A ba shi ƙaramin sola da fanka mai caji cikin kayan aiki, kamar yadda ake ba shi kwamfuta, kuma kada a sa wa'adi ƙarfe uku na rana a watan Mayu. Magina da masu gidajen haya, taga biyu masu kallon juna, da ƴar kafar iska a sama kusa da rufi inda zafi ke taruwa, da silin, ba su kai kuɗin tayil ɗin da ake ƙawata bene da shi ba. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001 da tubalin ƙasa, ya ɗaga kwanon sama ya bar tazara tsakaninsa da silin don iska ta kwashe zafin, kuma a 2022 ya samu Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini. Ƴar ƙasarmu Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun yi masallaci da ɗakin karatu a Dandaji, cikin jihar Tawa, da tubalin ƙasa da aka matse da inji. Mu a nan muna da dalilin tsoron ginin ƙasa, don mun ga yadda ambaliya ke narkar da shi. Maganin wannan tushe ne mai tsayi na dutse ko siminti, da guje wa gini a hanyar ruwa. Daga tushen zuwa sama, ƙasa ta fi bulo riƙe sanyi.

Dabarun nan na ruwa da jiƙaƙƙen zane na busasshiyar bazara ne. Daga Yuni, idan iska ta juya ta fara zuwa da laima, zane ba ya bushewa, randa ba ta sanyi kamar dā, na'ura mai hura iska ta cikin ruwa ma sai ta ƙara wa ɗaki danshi. A lokacin fanka ce ke karɓar aiki, sai a buɗe tagogi a bar iska ta ratsa. Kafin hadarin farko a ɗaure zana da rumfa da kyau, don guguwar da ke gaban ruwa ba ta barin abin da ba a ɗaure ba. A hau a duba kwano inda ƙusa ta saki, musamman daidai kan teburi. A buɗe adaka a ga ko gara ta fara gini a ƙarƙashinta. Mazauna kusa da kogi kuma su ƙara mata bulo tun yanzu, kada a jira Oktoba.